Ina Littattafan Aljanun Nan Suka Shiga?

Mai girma shugaban taro, iyayenmu malamai, 'yan'uwana tsofaffin ɗalibai.

An ce in yi magana a kan abin da nake yi bayan na tashi daga ofis. To, kada ku yi dariya: littattafan ban tsoro nake tarawa. Irin waɗanda muke karɓowa haya a ranar fita, mu taru a ɗakin kwana bayan an kashe wuta, mutum ɗaya yana karantawa da tocila, har a rasa mai ƙarfin halin fita fitsari. 'Yan Doguwa kuma su ƙara mana da labaran dajin Falgore. Malam, na san ka ƙwace mini guda biyu, na kuwa yafe tun tuni.

Abin da ya sa ni cikin wannan harka asara ce. Lokacin da na tafi bautar ƙasa na bar littattafaina cikin kwali a gidanmu da ke Tudun Wada. Da na dawo, gara ta cinye su, sai bango. Na ce ba komai, ai na saya a Kano. Na zaga Bata, na zaga Kasuwar Rimi, ko rabinsu ban samu ba. Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda ya fito tun 1934, shi kam nan da nan na same shi, domin kamfani ne ke sake buga shi, makarantu kuma na karanta shi. Amma littafin da ya fito jiya-jiya ya ɓace kamar ba a taɓa yin sa ba.

Dalili kuwa shi ne yadda aka buga su. Marubuci ne ke kai kuɗin aljihunsa ƙaramar maɗaba'a, a buga masa iya abin da kuɗin ya kai, a kan takardar jarida mai saurin rubewa. Sai ya raba labarin kashi-kashi, na ɗaya, na biyu, na uku, ribar wannan ita ce jarin wancan. In kasuwa ta ƙi, shi ke nan, an bar jarumi a bakin kogon aljanu har abada. Yau da karatu ya koma cikin waya, yawancinsu ba mai sake buga su, wasu ma ko marubutansu ba su da kwafi.

A Amurka ma ƙananan maɗaba'u ne suka riƙe irin wannan adabi. A 1939 wasu mutum biyu suka kafa Arkham House don kada labaran marigayi H. P. Lovecraft su salwanta, suka buga kwafi 1,268. Sai da ya yi shekaru kafin ya ƙare, yanzu kuwa dubban daloli ake sayen guda. Su can da gangan suke taƙaita bugu, a sa wa kowane kwafi lamba, marubuci ya sa hannu. Mu rashin kuɗi ne ya taƙaita namu, sannan muka ɗauki abin muka ba mai ƙosai.

Na san akwai malamanmu da ke ganin waɗannan littattafai shirme ne. Wasunsu kam shirmen ne, ba na musu. Amma da yawa daga cikinmu a nan muka iya karanta Hausa da sauri, kuma a cikinsu ne ake ganin abin da mutanenmu ke tsoro: maita, tsafin neman kuɗi, ɗan'uwa mai cin amana.

Yanzu a akwatin ƙarfe nake ajiye su, a kan benci, nesa da bango, da busasshen ganyen darbejiya a ciki. Na cire ƙarafan ɗinkin da suka yi tsatsa na ɗinke da zare.

Roƙona shi ne, in kun je gida Bebeji ko Ƙiru, ku duba ƙarƙashin gado da akwatunan yayyenmu mata. Ko bango ya cire ku kawo, a ba sakataren ƙungiya. Wanda ba ya son rabuwa da nasa, zan ɗauki hotonsa shafi-shafi in mayar masa. Musamman kashi na uku nake nema, domin ina da labari goma sha ɗaya da ban san ƙarshensu ba.