Jawabi ga Sababbin Matuƙa Jirgin Sama a Ranar Yaye Su a Zariya



Tun 1964 wannan kwaleji ta Zariya take horar da matuƙa da injiniyoyi da masu ba jirage umarni daga hasumiya, kuma yau kun shiga sahun waɗanda suka fito daga cikinta. Allah ya sanya alheri. Iyaye kuwa, ku kuka san abin da aka sayar da bashin da aka ci kafin a ga wannan rana. Allah ya saka muku.

An roƙe ni in yi magana a kan zaɓen wurin aiki. Na san wasunku za su ce a ransu, Baba, wane zaɓi kuma, ai ko ɗaya ba mu samu ba tukuna. Kuna da gaskiya. A ƙasar nan akwai matuƙa masu lasisi da suka shekara da shekaru suna yawo da takardu daga ofis zuwa ofis. Amma wanda ya daɗe yana jira shi ya fi saurin sa hannu a kan abin da bai karanta ba, shi ya sa maganar ta zama dole tun yanzu.

Lasisin da ke hannunku na tuƙin haya ne, kuma awannin da ke littafin kowannenku ba su wuce 200 da wani abu ba. Kujerar kyaftin a jirgin fasinja tana buƙatar babban lasisi, shi kuwa sai mutum ya tara awa 1,500. Saboda haka tambayar farko ga duk kamfanin da ya kira ku ita ce: awa nawa mataimakin matuƙi yake tashi a wata? Wani kamfanin yana da jirage goma a takarda, uku ne kawai ke tashi, sauran suna jiran kayan gyara da ake saye da dala. Albashinsa zai iya ɗara na wasu, amma sai ka yi shekara biyar littafinka bai cika ba.

Kada girman jirgi ya ruɗe ku. Kowa yana son a ɗauke shi hoto a gaban Boeing 747 lokacin jigilar alhazai, ni ma ban ce babu daɗi ba. Sai dai jigilar alhazai ta 'yan makonni ce, kuma tafiya Jidda tashi ɗaya ce da sauka ɗaya bayan awanni a sama. Wanda ke tuƙa ƙaramin jirgi irin ATR mai farfela, ko Embraer 145, yana iya sauka sau huɗu a yini, yau cikin hazon hunturu a Kano, gobe cikin ruwan Fatakwal. A wurin sauka hannu yake faɗawa. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Sai maganar horon nau'in jirgi. Kowane babban jirgi da nasa izinin, kuma kuɗin horon dubban daloli ne. Ko dai ka biya daga aljihunka, ko kamfani ya biya maka ya ɗaure ka da yarjejeniyar yi masa aiki na wasu shekaru. Ban ga laifin wannan ba, wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Amma ku kai takardar wurin lauya kafin ku sa hannu, ko da za a ce kun cika ƙaƙale. Ku duba ko bashin yana raguwa duk shekara. Ku duba abin da zai faru idan kamfanin ne ya daina biyan albashi, ko ya ajiye jiragensa. Kuma kada mahaifi ya ba da takardar gidansa jingina don a sayi izinin jirgin da babu wanda ya yi alkawarin aiki a kansa a rubuce, domin izinin da ba a tashi da shi tsufa yake yi.

Kamfanonin jirage a ƙasar nan ba su cika tsawon rai ba. Nigeria Airways, wadda ta gwamnati ce ɗungurungum, ta durƙushe a 2003, ma'aikatanta suka yi fiye da shekara goma suna bin haƙƙinsu, wasu har suka rasu ba su karɓa ba. Ina Okada, ina Chanchangi, ina Bellview? Air Nigeria ta rufe a 2012. Arik, da ta taɓa zama mafi girma, hukumar gwamnati ta AMCON ta karɓe ta a 2017 saboda bashi. Don haka kafin ka yarda da abin da manaja ya faɗa maka a ofis, nemi injiniyan da ke kwana a rumfar gyara, da mataimakin matuƙin da ya shekara biyu a wurin. Su za su gaya maka ko ana biya a kan lokaci, da ko ana tura matuƙa gwajin na'urar kwaikwayon tuƙi duk wata shida ba tare da ja-in-ja ba.

Yanzu ga abin da na fi so ku riƙe, ko da kun manta sauran. Ku tambaya, a wannan kamfani, me ake yi wa matuƙin da ya ce ba zai tashi ba? Ranar 29 ga Oktoba, 2006, jirgin kamfanin ADC ya tashi daga Abuja za shi Sakkwato cikin hadari da iska mai juyawa, ya faɗi jim kaɗan bayan tashi. Mutum 96 suka rasu, cikinsu har da Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammadu Macciɗo, Allah ya jiƙansu baki ɗaya. Mun yarda da ƙaddara, amma wanda ya ƙaddara shi ya ba mu hankali da rahoton yanayi. Wata rana fasinja za su yi ta surutu a zaure, wani babban mutum yana duba agogo, ofis yana ta bugo waya, kai kuma kana ganin abin da bai kwanta maka a rai ba. Akwai kamfanin da zai ce ka jira har gari ya washe, akwai wanda zai cire sunanka daga jerin masu tashi na mako mai zuwa. Na biyun, ko nawa ya ba ka, bai biya ka ba.

Mu nan an tarbiyyantar da mu kada yaro ya katse babba, kuma tarbiyya ce mai kyau a zauren gida. A ɗakin tuƙi kuwa, mataimakin da ya ga kyaftin zai yi kuskure ya yi shiru don kunya, ya ci amanar duk wanda ke zaune a bayansa. Ka ce ranka ya daɗe in kana so, amma ka faɗa, kuma da ƙarfi. Ku nemi wurin da kyaftin ɗinsa suke gode wa irin wannan yaro. Ku 'yan matan da ke cikin wannan aji, wannan magana ta fi shafarku, don za a fi sa ran ku yi shiru.

Masu hangen Emirates ko Qatar, ba ni hana ku, amma galibi mai awanni suke nema, kuma a nan gida za ku tara su. Akwai kuma jirage masu saukar ungulu da ke kai ma'aikata rijiyoyin mai, da koyarwa a kwaleji irin wannan, duk hanyoyi ne.

'Ya'yana, Allah ya ba ku aikin da za ku ci halal a cikinsa, ya kai ku lafiya ya sauke ku lafiya, ku da waɗanda za ku ɗauka.