Rumbun hatsi da rumbun harsashi

(Jawabin da ɗaya daga cikin manema labaran jaridarmu ya yi a gaban ƴan kasuwa da ma'aikatan gwamnati a birnin Maraɗi.)



An ce in yi magana a kan tsadar rayuwa. Yaro ba ya koya wa alhazan Maraɗi ciniki, don haka ba zan ɓata muku lokaci da farashin shinkafa da sukari ba, kun fi ni saninsa. Wata haja ce nake so mu duba, wadda ba a baza ta a kasuwa, amma tana da dillalai, tana da farashi, farashin kuwa yana hawa yana sauka kamar na tiyar hatsi. Harsashi nake nufi.

Mu fara da abin da muka sani. Ranar 12 ga Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, faran Faransa guda ya tashi daga dala 10 zuwa dala 20, kuma manya suna ba da labarin kantunan da aka rufe har a ga inda farashi zai tsaya. A 2005, bayan ƙarancin ruwa da farin dango sun ɓata daminar 2004, cibiyoyin kula da yara masu tamowa suka cika a jihar nan, alhali hatsi yana kasuwa, talaka ne ba ya iya sayensa. A watan Agustan 2019 Nijeriya ta rufe iyakarta har zuwa Disamban 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 takunkumin CEDEAO ya sake rufe ta, ba a ɗage shi ba sai Fabrairun 2024. A kowane karo hanya ɗaya abin yake bi: jita-jita ta ce kaya zai yi wuya, mai sayen buhu ɗaya ya sayi uku, mai sito ya kulle ƙofa, farashi ya tashi, sai kowa ya ce ai ga shi, dama an faɗa. Tsoron ƙaranci shi ke fara kawo ƙarancin. Shi ya sa malamanmu suka daɗe suna gargaɗi cewa ɓoye cimaka don jiran tsada haramun ne.

Kasuwar harsashi ma wannan hanya take bi, har a ƙasar da take da manyan masana'antu. A Amurka, inda doka ta yarda farar hula ya mallaki bindiga, an yi ƙarancin harsashi bayan zaɓen Obama a 2008, aka sake yi a 2013, aka kuma yi a 2020 lokacin annobar korona. Masana'antu ba su daina aiki ba. Mutane ne suka riƙa jibge kwalaye a gidajensu saboda tsoron doka ko tarzoma, har kantuna suka ƙayyade abin da mutum ɗaya zai saya.

Ina ruwanmu da wannan? Ruwanmu shi ne maganar ta iso ƙofar gida. Tun faɗuwar Gaddafi a 2011 makaman Libiya suka bazu cikin Sahara. Ƴan bindigar Zamfara, Katsina da Sakkwato suka ƙarfafa, a 2019 dubban ƴan gudun hijira suka kwararo gundumomin Gidan Rumji da Madarumfa, satar shanu da kama mutane don kuɗin fansa suka tsallako iyaka, dajin Baban Rafi ya zama abin tsoro. A 2021 gwamnan Katsina na lokacin, Aminu Bello Masari, ya ce wa jama'arsa su nemi makaman kare kansu. A 2022 gwamnatin Bello Matawalle ta Zamfara ta yi irin wannan kira. Duk abin da aka faɗa a Katsina da safe, kafin la'asar ya iso Maraɗi. Sai ka ji mutum a majalisa yana cewa ba a fafe gora ranar tafiya, gara a tanadi harsashi tun bai ƙara tsada ba.

Ba zan raina mai wannan magana ba. Manomin da aka kore wa shanun huɗa, ko magidancin da ya saida gona ya fanshi matarsa, ya ga abin da mu mazauna birni ba mu gani ba. Haƙƙinsa ne ƙasa ta kare shi. Amma rumbun harsashi ya sha bamban da rumbun hatsi ta fuska uku.

Ta farko, dillalin ɗaya ne. Wanda ke saida wa ɗan sintirin gari shi ke saida wa ɗan bindigar daji, kuma wanda ya fi tayi shi ke ɗauka. Wa ya fi tayi? Mai kuɗin fansa a aljihu. Bindiga in ba harsashi sanda ce, shi ya sa ɗan bindiga zai biya ko nawa aka ce. Duk lokacin da mutanen kirki suka shiga layin saye, farashi na tashi, ribar fasa-ƙwauri na ƙaruwa, sababbin dillalai na shigowa. Alhazai sun fi ni sanin cewa haja tana bin inda ake tayinta. Kuɗin da muka ce na kariya ne, su ne ke gyara hanyar da makamin zai bi ya zo ya same mu.

Ta biyu, ajiyar kanta haɗari ce. Ranar 27 ga Janairun 2002 ma'ajiyar makaman barikin Ikeja a Legas ta fashe, mutum fiye da 1,000 suka rasu. Ranar 4 ga Marisin 2012 haka ta faru a unguwar Mpila ta Barazabil, fiye da 200 suka mutu. A watan Yunin 2024 ma'ajiyar Injamena ta kama wuta. Waɗannan ajiyar sojoji ce, masu horo da masu gadi. To, ina ga kwali ko tulun albarushi a ƙarƙashin gado, cikin zafin bazarar Maraɗi, kusa da murhu da jarkar man fetur, a gidan da yara ke wasa?

Ta uku ita ta fi damuna. Hatsi ana ci ya ƙare, ko ƙwari su cinye. Harsashi yana shekaru da dama bai lalace ba, yana jiran ranar fushi. Ranar da ƴan bindiga suka tafi, rigimar gona da burtali tana nan, rigimar gado tana nan, ta siyasa ma tana nan. A watan Oktoban 1991, ana cikin Taron Ƙasa a Yamai, rikicin manoma da makiyaya a Toda, cikin jihar nan, ya ci rayuka fiye da 100, akasarinsu mata da yara. A wancan zamani bindigar yaƙi ba ta yawaita a ƙauyuka ba. Ku auna da kanku abin da irin wannan rana za ta zama idan kowane gida yana da ajiya. A Zamfara mun ga yadda ƴan sa kai da ƴan bindiga suka shiga ramuwar gayya, har a 2021 aka rufe kasuwannin mako aka katse layukan tarho. Wa ya fara jin jiki? Ɗan kasuwa.

Wani zai ce mu jikokin mayaƙa ne. Gaskiya ne. Katsinawan da suka bar birninsu bayan 1807 su suka kafa sarautar Maraɗi, Gobirawa suka kafa Tibiri bayan yaƙin Gawakuke na 1836, sunan Ɗan Baskore kuwa har yau ana ambatonsa. Amma a zamaninsu yaƙi yana da shugaba. Akwai sarki, akwai Ƙaura, ba kowa ke fita da mashi yadda ya ga dama ba. Kuma arziƙin da ya sa ake kiran Maraɗi cibiyar kasuwancin Nijar, gyaɗa da fatauci suka kawo shi, bayan hanyoyi sun yi lafiya.

Ga roƙona. Alhazai masu motoci, ku san abin da ake lodawa tsakanin buhunanku. Direban da ya karɓi ƙunshin da bai buɗe ba, sunan maigidansa ya jefa cikin haɗari. Ma'aikatan duwan, jandarmomi da ƴan sanda, na goro da aka karɓa a shinge don a bar mota ba bincike, wata rana a ƙauyen mai karɓar za a biya shi. Mahukunta kuwa, aikinku ya fi na kowa nauyi. Tun 1994 ƙasar nan take da hukumar CNCCAI mai tattara haramtattun makamai, kuma ranar 25 ga Satumban 2000 an ƙona bindigogi fiye da 1,000 a Agadas a bikin wutar sulhu. Ashe mun san hanya. A ƙarfafa hukumar, a ƙidaya harsashin ma'ajiyun gwamnati don kada ko ɗaya ya zurare, a kai jami'an tsaro inda manomi zai gan su kafin a kai hari. A 2019 gwamnonin Katsina, Sakkwato da Zamfara sun zo nan Maraɗi sun zauna da namu. Ficewar Nijar daga CEDEAO a Janairun 2025 ba ta ɗauke mana maƙwabtaka ba, irin wannan zama yana da amfani har yanzu. Sannan OPVN ta fito da hatsi mai rahusa a kan kari, a tallafa wa manoman rani na Jiratawa da na bakin Gulbi, domin saurayin da ke da abin yi ba shi da sauƙin ruɗi.

Mu ma ƴan jarida akwai namu: mu daina yaɗa labarin da ba mu tantance ba, domin jita-jita ce jarin dillalin harsashi.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da ƙasarmu da maƙwabtanmu lafiya.