Jawabi a Taron Yaye Ɗaliban Tarihi

 

'Yan mintunan da aka ba ni, a kan mutum ɗaya zan ƙarar da su: marigayi Dakta Yusufu Bala Usman, haifaffen Musawa, malamin tarihi a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, wanda ya rasu a 2005. Allah Ya jiƙansa.

Jama'a sun fi saninsa da kaifin harshe a fagen siyasa, da zamansa sakataren gwamnati a mulkin Balarabe Musa. Ni ba wannan ya tsayar da ni gabanku ba. Kundin digirinsa na uku nake nufi, na 1974, wanda ya fito a 1981 a matsayin littafi kan sauye-sauyen ƙasar Katsina daga 1400 zuwa 1883.

An saba ba da labarin jihadi kamar rigima ce tsakanin Fulani da Haɓe, shi ke nan. Dakta Bala kuwa ya ce a zauna a duba tsarin sarauta kansa: wa ke karɓar haraji, wa ke biya, ina malamai suka tsaya, ina fatake da makiyaya. Ya bi sawun sarakunan da aka kora har Maraɗi, domin tarihin Katsina ya girmi iyakar da Turawa suka shata.

Sai maganar Heinrich Barth, Bajamushen nan da ya shiga Katsina a 1851. Masana kan ɗauki rubutunsa tamkar yankan wuƙa. Dakta Bala ya titsiye shi da tambayoyi irin na alƙali: kwana nawa ya yi a garin, wa ya sauke shi, a bakin wa ya ji, da wane ido yake kallon mutane? Kada ku yi murmushi don Bature ne aka tuhuma. Tsohon da zai ba ku labari a zaure, ko da kakanku ne, tambayoyin nan suna kansa.

Ɗaliban da Dakta Bala ya horar sun koyar da wasu, har abin ya iso kanku ko ba ku sani ba. Gidan Arewa na Kaduna, wanda malaminsa Abdullahi Smith ya fara jagoranta a 1970, yana nan da takardun Larabci da na ajami masu jiran mai karatu. In kun cire rigunan nan, ku leƙa.