Mu Ɗauki Hoton Makaɗanmu Tun Suna Raye



Da aka ba ni zaɓin abin da zan yi magana a kai, na san wasu sun zaci batun makarantu zan ɗauko, tunda a aji na ƙare ƙuruciyata. To, yau dai maganar hoto na kawo, kuma da wani kuskure nawa zan fara.

Ina sabon malami, ban daɗe da fitowa daga kwalejin horon malamai ba, aka yi bikin ba da kyaututtuka a makarantarmu. Muka gayyato wani dattijo mai gangar noma daga ƙauyen da ke kusa. Na aro kyamara mai filasha a ka, na tsaya gabansa bayan magariba na ɗauke shi. Sai da na yi mako uku kafin in samu zuwa Kano wankin hoto. Da hoton ya fito, babbar rigarsa ta yi fari fat, goshinsa na ƙyalli kamar an shafa mai, ga wata baƙar inuwa a bango, gangar kuwa ko alamarta babu. Na ce zan sake ɗauka. Kafin damina ta zagayo Allah Ya yi masa rasuwa. Shekaru da yawa bayan haka jikokinsa suka zo neman hoton kakansu, wannan ɗin na miƙa musu, ina jin kunya.

Jama'a, manyan makaɗan ƙasar Hausa sun samu masu ɗaukarsu. Alhaji Musa Ɗanƙwairo ya rasu a 1991, Alhaji Mamman Shata a 1999, Hajiya Barmani Choge a 2013, Ɗanmaraya Jos a 2015, amma duk yaron da ya buɗe waya zai ga fuskokinsu. Namu na gida fa? Mai kalangun mahauta a kasuwar Rogo, mai algaita a ƙofar fadar Karaye, matan da ke kiɗan ƙwarya a gidan biki, wa ya ɗauke su? Abin kunya ne a ce David Ames, Ba'amurke, ya zo ƙasar Zazzau a shekarun 1960 ya zauna da makaɗa, har shi da Anthony King suka fitar da littafin kalmomin kiɗan Hausa a 1971, alhali mu da muka tashi da kiɗan nan a kunne ba mu ajiye komai ba.

Aikin bai fi ƙarfin mai sha'awa ba. Malick Sidibé na ƙasar Mali da ƙaramar kyamara da filasha yake zagaya wuraren rawar samari a Bamako cikin dare, kuma hotunan nan ne suka kai shi ga samun babbar lambar yabo a birnin Venice a 2007.

Abin da ban sani ba a wancan lokaci, wanda ɗana ya koya mini bayan na yi ritaya, shi ne filasha ba ta son zama a kan kyamara. Idan haske ya fito daga inda idon kyamara yake, sai ya daki fuska kai tsaye, ya shafe duk wani layi da shekaru suka zana a kanta. Sai a cire ta, a haɗa ta da kyamara ta igiya ko ta 'yar na'urar da ke aika mata sigina. A ba yaro ya riƙe ta a gefe, tsakanin gaban makaɗi da kafaɗarsa, sama da kansa kaɗan. Na ce kaɗan, domin idan ta yi sama da yawa rawani ko malafa za su rufe idanu da inuwa. Nan take za ka ga tsagar fuska ta fito, jijiyoyin hannu sun fito, har tsarkiyar kalangu sai ka ƙirga ta.

Sai kuma tausasa hasken. Filasha tsirara tana da kaifi, ga makaɗi kullum cikin gumi yake. Masu sana'ar suna amfani da farar lema, amma farin zane ko bango mai farar ƙasa ma ya isa: a juya filasha ta haska zanen, zanen ya maido hasken kan mutum. A kula da tazara kuma. Wannan lissafin aji ne: idan ka ninka nisan fitila sau biyu, kashi ɗaya cikin huɗu na hasken ne zai isa. Saboda haka a kusantar da ita ga fuska, a nisantar da makaɗi daga bango. Walƙiyarta kuwa takan ɗauki kamar kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa, shi ya sa take tsayar da makaɗin ganga cak a sama, ana tsakiyar kiɗa.

Amma duk wannan bayan gaisuwa ne. Kada ɗanmu ya sauko daga mota ya cusa wa dattijo haske a ido kamar ya ga abin kallo. A je gidansa, a durƙusa a gaishe shi, a nemi izini, a bar shi ya sa rigar da yake so a tuna shi da ita. Idan mata ne, a tura 'ya'yanmu mata. A yi masa alheri, domin kiɗan nan shi ne abincinsa. A wanke hoton a kai masa nasa, a rubuta sunansa da na mahaifinsa da garinsu da sunan abin kiɗan da ranar ɗauka a baya. Hoton da aka bari cikin waya yana tafiya ranar da wayar ta faɗa ruwa.

Roƙona ga ƙungiya, Shugaba, ƙarami ne. A sayi kyamara ɗaya da filasha ɗaya, a damƙa wa matasa biyu, ɗaya a Karaye ɗaya a Rogo, su bi dagatai da masu unguwanni a nuna musu gidajen makaɗa. A fara da mafi tsufa. Duk wanda ke zuwa gida da Sallah kuma, ya tambayi iyayensa wane makaɗi ya rage a garinsu, ya kawo wa sakatare sunan kafin taro mai zuwa. Ni na riga na rubuto bakwai, suna nan cikin aljihuna.