Jawabin Sakataren Ƙungiya Kan Ƙudurin 'Yan Asalin Jiha



Mai girma Sarkin Hausawa, shugabannin ƙungiya, malamai, iyayenmu mata da matasa, muna yi maku barka da zuwa. An umarce mu da mu yi bayani kan matsayin wani ɗan majalisa game da dokar da ta shafe mu kai tsaye, mu da muke zaune a Kudu.

Ɗan majalisar shi ne Honarabul Benjamin Kalu, wakilin mazaɓar Bende ta Jihar Abiya, wanda ya zama Mataimakin Kakakin Majalisar Wakilai a 2023, aka kuma ba shi shugabancin kwamitin gyaran tsarin mulki. Shi ya ɗauki nauyin ƙudurin da ya nemi a ba ɗan Nijeriya matsayin ɗan asalin jiha ta hanyar haihuwa, ko aure, ko zaman shekara 10 a wuri. Haka nan yana gaba-gaba wajen ƙudurin ware wa mata kujeru na musamman a majalisu.

Kowa a nan ya san ciwon da ƙudurin farko ya taɓa. An haifi yaro a nan, an haifi ubansa a nan, amma ranar da zai nemi makaranta ko aikin gwamnati sai a ce ya kawo takardar shaidar asali daga ƙaramar hukumar kakansa, garin da bai taɓa takawa ba. Tsarin mulkin 1999 ya ba mu 'yancin zama ko'ina a sashe na 41, ya hana nuna bambanci a sashe na 42, ya ba mu ikon mallakar fili a sashe na 43. Amma kuma sashe na 147 ya ce a naɗa minista daga kowace jiha, ya kasance ɗan asalinta. Nan ne gizo yake saƙar.

To me ya faru? Da surutu ya yi yawa, musamman daga ƙungiyoyin da ke tsoron baƙi za su mamaye masu ƙasa da sarauta, sai Honarabul Kalu ya janye ƙudurin a ƙarshen watan Yulin 2025, yana mai cewa ana bukatar ƙarin tuntuɓa. Muna yaba masa da ya kawo maganar, don da yawa ko kusa da ita ba sa zuwa. Amma ba za mu ɓoye cewa janyewar ta bar 'ya'yanmu inda suke ba. Ɗan majalisa ba a auna shi da ranar da ya gabatar da ƙuduri, sai ranar da wuta ta yi zafi.

Mu dubi dokar 'yancin samun bayanai. An fara kai ta majalisa a 1999. Shugaba Obasanjo ya ƙi sa mata hannu a 2007. Masu goyon bayanta, ciki har da Abike Dabiri da ta wakilci Ikorodu, suka sake dawo da ita, har Shugaba Jonathan ya sa hannu ranar 28 ga Mayu, 2011. Shekara 12 ke nan. Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba. Dokar ta ba kowa damar rubuta wa ma'aikatar gwamnati ya nemi bayani, ta kuma wajabta ba da amsa cikin kwana 7. A Afrilun 2025 Kotun Ƙoli ta ce dokar ta hau kan jihohi ma.

Saboda haka muna kira ga jama'a da abu huɗu. Na ɗaya, kowane baligi ya yi katin zaɓe a nan inda yake zaune, don wanda ba ya zaɓe a wuri ba a jin kukansa. Na biyu, a adana rasit na haraji da na kuɗin kasuwa da takardun haihuwar yara, su ne shaidar daɗewarmu. Na uku, duk wanda ya zo neman ƙuri'armu mu tambaye shi matsayinsa kan wannan batu a gaban jama'a, mu rubuta amsarsa. Gyaran tsarin mulki sai da kashi biyu cikin uku na majalisun tarayya da amincewar majalisun jihohi 24, don haka ɗan majalisar jiha ma a tambaye shi. Na huɗu, masu zuwa ajin yaƙi da jahilci su dage, don wasiƙar neman bayani sai mai karatu.

A ƙarshe, mu tuna Ibo da Yarabawan Sabon Garin Kano suna fama da irin wannan matsala. Abin da muke nema a nan, mu yarda a ba su a can. Mu ci gaba da girmama masu masaukinmu.

Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Wassalam.