Yaro Ya Karanta, Amma Ya Gane? Jawabi Ga Malaman Ƙananan Azuzuwa

 

Ya 'yan'uwa malamai, mas'alar da za mu tattauna yau babu wanda bai san ta ba a cikinmu, sai dai sabo ya sa mun daina ganin ta. Malami ya buɗe littafi ya karanta layi, yara sittin ko saba'in su amsa da murya ɗaya har a ji su daga bakin titi, mai wucewa ya ce lalle makarantar nan ana karatu. Amma in ka ware yaro guda, ka rufe littafin, ka ce, "To, wa aka ce ya tafi kasuwa?" sai ya sunkuyar da kai. Ya furta kowace kalma, alhali babu wadda ta isa zuciyarsa. A shekarar 2022 Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa kusan yara 70 cikin 100 'yan shekara goma, a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin arziki, ba su iya karanta ɗan gajeren rubutu su gane shi. Da yawansu kuwa kullum suna zuwa makaranta.

Wasu za su ce ai haka muka gada. Wannan magana rabin gaskiya ce. Haƙiƙa makarantar allo tana farawa da babbaƙu, sannan farfaru, kuma manufarta ita ce yaro ya san harafi, ya gyara furuci, ya kiyaye. Amma malamanmu ba su tsaya nan ba. Wanda ya zauna a zaure ya ɗauki Ahalari ko Ishmawi ko Risala ya san yadda ake yi: ɗalibi ya ja kalma, malam ya fassara ta da Hausa, ya warware mas'alar, kuma ba a ƙara masa gaba sai an tabbata na jiya ya zauna. Abin da ya faru shi ne an ɗauko amshi daga makarantar allo an kai shi firamare da Islamiyya, an baro fassarar a zaure. Hadda tana da muhallinta mai daraja, wato Alƙur'ani mai girma. Littafin Hausa na aji uku, ko darasin tsafta, ko babin alwala, an rubuta su ne domin a gane a yi aiki da su.

Akwai wani abu a rubutun Hausa na boko da ya kamata kowane malami ya lura da shi, domin ma'auni ne da yake hannunmu kyauta. Rubutunmu ba ya nuna karin sauti, ba ya nuna tsawon wasali. Kalmar "gari" da ke cikin "Audu ya shiga gari" da wadda ke cikin "Inna ta tankaɗe gari" haruffansu ɗaya ne, furucinsu daban. Haka "kuka" na jariri da "kuka" ta miya, haka "wuya" da ake rataya wa laya da "wuya" ta wahala. Ma'anar wannan ita ce yaro ba zai iya furta Hausa daidai daga takarda ba sai ya riga ya fahimci jimlar. Saboda haka idan ka ji ɗalibinka ya sa Inna tana tankaɗe birni, kada ka gyara masa furucin kawai ka wuce. Tsayar da shi, ka ce, "Me Inna take yi a nan?" Kunnenka ya riga ya gaya maka cewa haruffa yake bi.

Daga nan sai tambaya, wadda ita ce jigon wannan aiki. Mu ɗauki misali. Ka rubuta a allo: "Ladi ta ɗauki tulu ta tafi rijiya. Ba a jima ba ta dawo, tulun babu ruwa, tana tambayar inda aka ajiye guga." Idan ka ce, "Ina Ladi ta tafi?" amsar tana kwance a layin farko, ko wanda bai gane ba zai iya tsintar ta. Amma idan ka ce, "Me ya sa ta dawo babu ruwa?" ba a rubuta amsar a ko'ina ba. Dole yaron ya haɗa guga da rijiya a ransa, ya gane mantuwa ta yi. Wannan haɗawar ita ce fahimta, kuma koyar da ita ake yi. Sannan ka bi shi da "Ina ka ga haka?", domin ya koma cikin rubutun ya nuna maka hujjarsa da yatsa. Mu da muka yi karatun Larabci mun san wahalar da muka sha a kan gano inda lamiri yake komawa. To, ɗan aji biyu ma yana shan irinta a cikin "Malam ya kira Sani ya ba shi littafinsa". Littafin wa? A bar su su yi gardama a kai, wannan gardamar darasi ce.

Kafin a fara karatu kuma a fitar da kalmomi biyu ko uku da ake zaton za su tare musu hanya. Yaron birni da bai taɓa ganin rumbu ba, babu amfanin ya karanta labarin kaka kafin a siffanta masa shi.

Haka nan muna kira ga malamai su riƙa karanta wa yara labari da bakinsu, ko da minti goma ne, musamman waɗanda ba su riga sun iya haɗa baƙi ba, domin fahimta tana fara girma ta kunne. Alhaji Abubakar Imam ya rubuta Magana Jari Ce ne domin makarantu, aka fara buga shi a 1937, kuma har yau bai tsufa ba. Idan aku ya ɗauko labari don ya hana Musa ɗan sarki fita, rufe littafin a tsakiya, ka tambaye su me suke zaton zai faru, kuma me ya sa akun yake jan zancen.

Sai batun harshe, wanda ba za mu ɓoye ra'ayinmu a kansa ba. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta ce a koyar da ƙananan azuzuwan firamare da harshen uwa ko harshen yankin. Tun 1970 Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa suka fara gwaji a Ife, inda aka koyar da yara da Yarabanci tsawon shekaru shida na firamare, kuma hakan bai hana su iya Turanci ba. A 2022 gwamnatin tarayya ta amince da harshen uwa har shekara shida, a 2025 kuma ministan ilimi ya ba da sanarwar soke wannan. Gwamnati tana da ikon sauya takarda, amma yaron da ya zo daga gida da Hausa kaɗai, da ita yake tunani. Ko Turanci kake koyarwa ko Larabci, idan sun gama karantawa ka ce wani ya faɗa maka abin da aka ce da Hausa. Wanda ya kasa, bai gane ba, komai daɗin muryarsa.

Mun san za a ce aji ya cika, lokaci kaɗan ne. Gaskiya ne. To, a ɗauki yara biyar kullum, a kira su ɗaya bayan ɗaya yayin da sauran suke rubutu, a ba kowa layi uku da bai taɓa gani ba, a yi masa tambaya biyu, a rubuta sunansa da abin da aka samu. Ajin mutum saba'in zai ƙare cikin kwana goma sha huɗu na makaranta, sai a sake zagayowa. Shugabannin makarantu kuma muna roƙonku da ku sa wani yanki na jarrabawar ƙarshen zango ya zama rubutun da ba a taɓa karantawa a aji ba, kuma ku sanar da iyaye tun farkon zango cewa haka za a yi, domin kada su yi mamaki idan maki ya sauka a karon farko.