Ina Kwana, Jam Wali, Nda Watu: Wace Gaisuwa, a Wane Lokaci?

Barkanmu da warhaka. Ban ce barka da safiya ba, don ban san lokacin da za ku saurare ni ba. Amfanin "warhaka" ke nan, shi ya sa 'yan rediyo ba sa rabuwa da ita.

Yau gaisuwa za mu taɓa. Mu nan ƙasar Haɗeja, in ka shiga kasuwar kifi ko ka bi fadama ta wajen Guri da Kirikasamma, Bahaushe da Bafulatani da Bamange duk za ka haɗu da su kafin azahar.

Bafulatani da safe "jam wali?" zai ce maka, wato an kwana lafiya? Da rana "jam nyalli?", in yamma ta yi "jam hiri?". Amsar dai "jam". A Barbarci kuma "nda watu?" da safe, "nda dubdo?" in rana ta juya, kai kuma ka ce "kalewa". To ku lura, duk tambayoyi ne, kamar "ina kwana" da "ina wuni" ɗinmu. Lafiyarka ake tambaya, dole a tsaya a ji amsa. Bature kuwa fata kawai yake maka, "good morning", ya ƙara gaba. Balarabe ma "sabahul khair" fatan alheri ne.

Yaushe ake juyawa? Bature agogo yake dubawa, sha biyu na bugawa safiya ta ƙare. Mu rana muke kallo da kiran salla. Ina kwana tana kaiwa har rana ta take tsaka, daga azahar sai ina wuni, kuma ita ce har bayan isha'i. Ka ce wa tsohuwa ina kwana da la'asar, wallahi sai ta tambaye ka ko yanzu ka tashi.

Inda matasa ke zamewa shi ne "good night". Ba barka da dare ba ce fa, sallama ce, "sai da safe" take nufi. Ka tura wa malaminka ita a WhatsApp da tara na dare sannan ka jero buƙatarka, ka yi ban kwana tun ba ka gaishe shi ba. "Good evening" ake cewa, ko da sha ɗaya ce.

Masu jin Badanci, ku rubuto mana taku a ƙasa, mu karanta a shiri na gaba.